Tsagar Inna da Na Goge

Na san abin da ake gaya muku a kaina, na kuma san bakin da maganar ta fara fitowa. An ce ubanku ya ji kunyar fuskar mahaifiyarsa, ya shiga kwamfuta ya sake mata wata. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan maganar tana yawo a gidajen suna da gidajen biki, ana yi ana rage murya idan na yi sallama, ban taɓa tankawa ba. Yanzu da gwiwa ta fara gardama, ido kuma sai da tabarau, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya kasance, kada in tafi in bar ku da na bakin mutane. Ba wanke kaina zan yi ba. Hannuna ne ya yi aikin, babu wanda ya riƙe mini shi. Amma kunya, wallahi ƙarya ake yi mini, kuma har gobe idan na ji an faɗa sai raina ya ɓaci. Abin da ya kai ni daban ne, kuma bai fi kunyar kyau ba, shi ya sa nake so ku ji shi daga bakina.

Manyanku sun riski Inna suna ƙanana, ƙananan kuwa sai labari. Maginiyar tukwane ce. A bayan gidanmu na gefen kogi take zama da yumɓunta tun hantsi har la'asar, ta gina randa, ta gina tulu, ta gina kaskon turare, ranar Juma'a masu saro su zo su kwashe. Doguwa ce, baƙa wuluk, ba ta da yawan magana, idan kuwa ta yi ba ta maimaitawa. A kumatunta akwai tsaga dogaye da suka taso daga wajen kunne suka gangaro, ga kuma 'yar baka. Ba irin tsagar mutanen nan ba ce, duk Wudil da ƙauyukanta ban taɓa ganin mai irinta ba. Mu ma 'ya'yanta biyu, ni da Yaya Abu, ba mu da ita, domin tsaga gidan uba take bi, gidan babanmu kuwa ba sa yi.

Dalili shi ne Inna ba 'yar nan ba ce. Tana kamar shekara tara wata yunwa ta taso su daga wani ƙauye can arewa, wanda sunansa ma ya ɓace mata. Iyayen suka rasu a hanya. Ita aka bar ta a hannun wata tsohuwa maginiya a garin nan, ƙanenta Tanko kuwa, da bai wuce shekara biyar ba, wani kawunsu ya saɓa shi a kafaɗa ya bi ayarin masu tafiya Makka a ƙasa, suka yi gabas. Daga ranar ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Amma ba ta taɓa yarda ya mutu ba. Duk alhajin da ya dawo a unguwarmu, Inna za ta yafa mayafi ta je yi masa barka, ta karɓi dabino da zamzam, sannan ta juya masa kumatunta ta tambaye shi ko ya ga mai irin wannan a can. Wasu su yi dariya, wasu su ce Allah ya sada. Ni ina saurayi har kunyar tambayar nake ji, na taɓa ce mata ta bari, yaron da ya tafi yana shekara biyar ai ko sunansa ba zai tuna ba.

"Suna ana sake shi, Auta," ta ce da ni. "Harshe ma ana sakewa. Amma wanzami ɗaya ne ya yi mana, aska ɗaya. Ko ya zama Balarabe tana nan a fuskarsa, in ya ga tawa zai san tasa ce."

Abin dariyar shi ne ni mai hoto ne. Shekara ashirin ina ɗaukar mutanen garin nan, amare da angwaye, 'yan makaranta, fataken shanu da ke son a ɗauke su da bijiminsu, amma ban taɓa ɗaukar uwar da ta haife ni ba. Ba ta yarda. Idan na shigo da kyamara a wuya sai ta ja ɗankwali ta rufe fuska, ta ce wanda yake son ganinta ya zo gida, tana nan. Na yi lallashi, na yi wayo, na aika mata Yaya Abu, duk a banza.

Sai shekarun da soja suka koma bariki. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane ba. Gari ya cika da 'yan takara, kowa yana son fuskarsa a jikin bango, ga hidimar buɗe jami'a ana ta yi, baƙi suna ta shigowa daga ko'ina. Na je Kano na koyi gyaran hoto wata uku, na dawo da kwamfuta ta hannu da na'urar da ke kwafe hoto ta shigar da shi ciki. Ni ne na fara a garin nan, kuma kaina ya kumbura, ba na ɓoye muku. Ɗan takarar kansila zai zo da haƙoran goro, in mayar masa da su fari tas. Amarya za ta zo da ƙuraje, in share su, in ƙara mata haske har dangin ango su yi ta salati. Akwai wani daga Kausani da na cire wa furfura na gyara masa karin hula, ya faɗi zaɓe, amma har yau hoton yana zaurensa. Mutane su tsaya a bayana suna kallon allo suna cewa wannan ai tsafi ne. Gogewa ta zame mini jiki. Da na ga fuska, abin da zan cire nake fara nema.

A wannan yanayin Edita ya zo. Haka zan kira shi, sunansa ba zai ƙare ku da komai ba, mujallar tasu ma ta mutu tuntuni. Irin mujallun nan ne da suka tsiro bayan zaɓe, masu takarda mai sheƙi, wata matar babban ɗan siyasa ce ke ɗaukar nauyinta. Saurayi ne ɗan gayu daga Kano, kaftani a goge, turare tun daga ƙofa, rabin maganarsa Turanci. Ya ce suna yin fitowa ta musamman a kan mata masu sana'a, an kuma ce masa tukwanen Wudil babu kamar na Inna, yana son ta a bangon mujallar. A bango, ba a ciki ba. Hoton kuma ni zan ɗauka, za a rubuta sunana a ƙasa, daga nan in zama mai ɗaukar musu hoto a duk yankin nan. Na ce masa ya yi haƙuri, Inna ba ta hoto. Ya ce in kai shi kawai.

Muka same ta tana shafe wuyan wata randa. Ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai kyau, wannan ba zan hana shi ba, ya tambayi gida da aiki da jikoki, ta amsa ba ta ɗago ba. Ya yi ta zuba, za a san ta, gwamnati za ta taimaki magina, matar mai girma za ta zo da kanta. Inna ko gezau. Sai da ya fara cika baki a kan inda mujallarsu take zuwa, ya ce wannan fitowar ma kafin tashin alhazai za ta fito, ana ɗaukar ta da yawa zuwa Makka da Madina, Hausawan can da na Sudan rububinta suke yi. Nan na ga hannunta ya tsaya a kan randar.

"Har Sudan?" ta ce.

"Har Sudan, Baba. Wallahi har Sudan."

"Fuskar za ta fito sosai? Mutum zai gan ta daga nesa?"

"Ai bango ne gaba ɗaya, Baba. Kamar kina tsaye a gabansa."

Ta ɗauraye hannunta a cikin kasko, ta dube ni.

"Auta, gobe da hantsi ka zo da abin naka."

A gabana ta ba shi labarin Tanko, abin da ban taɓa jin ta yi wa baƙo ba. Ya ciro biro ya rubuta, ya kaɗa kai, ya ce Allahu akbar, wannan ai shi ne labarin ma. Saboda haka kada wani ya ce muku ba a sani ba. Ya sani, na sani. Mu biyun mun san dalili ɗaya tak da ya sa tsohuwar nan ta yarda a ɗauke ta.

Washegari ta yi wanka, ta ɗaura atamfarta ta salla, ta zauna a kan turmi a gindin darbejiyar tsakar gida. Yaya Abu ta kawo mata hoda, ta ture. Ta tura ɗankwalinta baya don kunnuwa su fito, ta ɗan karkata fuska yadda rana za ta sauka a kan tsagar. Ita ta zaɓi zamanta, ban gyara mata komai ba. Sau ɗaya na danna, ta miƙe, ta ce ya isa, ta koma kan yumɓunta. Da na wanko hoton na daɗe ina kallo. A duk aikina, kafin ranar da bayanta, ban ɗauki wanda ya kai shi ba. Kowane layi ya fito, ga idonta yana kallon mutum kai tsaye kamar tana jiran amsa.

Bayan kwana uku Edita ya dawo shagona. Na shigar da hoton a kwamfuta na buɗe masa, ina jiran yabo. Ya tsuke baki, ya karkata kai.

"Malam Isyaku, hoto ya yi. Amma ba zai hau bango haka ba."

"Me ya same shi, yallaɓai?"

"Kai ma ka sani. Hajiya mai ɗaukar nauyinmu ba ta son abin da zai nuna mu a baya. Yanzu sabon zamani ne, dimokuraɗiyya. Mujallar nan ofisoshi take shiga, har baƙi 'yan waje suna gani. Ka ɗan yi mata kilin. Waɗannan layukan ka sauke su, ka ɗaga hasken, ka ga dai yadda kake yi wa amare."

Na ce masa layukan nan su ne dalilin hoton, ya manta ne? Ya ce bai manta ba, shi ma yana da uwa. Ya dafa kafaɗata, ya ce ga yadda za a yi: a bango a sa gyararre don Hajiya ta sa hannu, a ciki kuma, shafi na uku, a sa na asalin babba, da labarin Tanko a ƙarƙashinsa, har da inda za a same mu. Ya ce hakan ma ya fi, mai nema ai ciki yake buɗewa. Ya rantse. Sannan ya ƙara da cewa idan ba zan iya ba babu damuwa, akwai wata mai saƙa a Kano da hotonta yake a shirye, sai dai sunan wani ya hau bangon.

Wannan ta ƙarshen ita ta kama ni, kuma ita nake so ku riƙe. Ba kunyar Inna na ji ba. Sunana nake so in gani a bangon mujalla. Ina da shekara arba'in da biyu, da mata da 'ya'ya huɗu, amma aka ja ni da wannan kamar akuyar da aka nuna wa dusa. Na gaya wa kaina ai shafi na uku yana nan. Na gaya wa kaina Inna ba karatu take yi ba, bango da ciki duk ɗaya ne a wurinta. Ban je na tambaye ta ba, alhali tsakanin shagona da gida bai fi tafiyar minti biyar ba, domin na san abin da za ta ce.

Na kama linzamin kwamfuta na fara. Yadda ake yi shi ne ka ɗebo fata daga inda take sumul ka liƙa a kan inda kake son ɓoyewa, kaɗan-kaɗan, har wurin ya saje. Na faro daga kuncin dama, daga wajen kunne na gangaro. Layi ya ɓace, na koma na kusa da shi. Edita yana tsaye a bayana yana cewa yauwa, yauwa, ka ga yadda ta koma yarinya. Na share 'yar bakan. Na sauke tamojin goshi. Na ɗaga haske har baƙar Inna ta koma wankan tarwaɗa. Abin da wanzami ya yi, ta ɗauka shekara kusan saba'in tana nuna wa alhazai, ban yi awa ɗaya ba na gama da shi, kuma aikin ya yi kyau, wannan ne abin takaicin. Da na gama na danna ajiya a kan na asalin, yadda na saba yi da hotunan amare, don babu amaryar da ta taɓa dawowa neman ƙurajenta. Edita ya karɓi gyararren a faifai. Ya ce in ba shi wankakken hoton da nagatif ɗin da na wanko shi daga ciki ma, masu buga shafi na uku za su buƙata, zai dawo mini da su da hannunsa. Na sa a ambulan na miƙa masa.

Mujalla ta fito saura mako biyu alhazai su fara tashi. Direban motar Kano ne ya kawo mini guda biyar a ɗaure. Ga bango yana sheƙi, ga wata mata fara sumul tana kallona, ga sunana a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Na buɗe shafi na uku. Hajiya ce a ciki, tana yanka kintinkiri. Shafi na huɗu Hajiya tana raba keken ɗinki. Na biyar Hajiya da mai gidanta. Na bi mujallar nan tun daga farko har ƙarshe sau uku. Labarin Inna rabin shafi ne can wajen ƙarshe, an ce tana godiya ga gwamnatin farar hula, maganar da ba ta taɓa fitowa daga bakinta ba. Babu hoton asali. Babu Tanko, ko sunansa.

Na so in ɓoye, amma a garin nan ba a ɓoye irin wannan. Kafin azahar wata maƙwabciya ta riga ta kai mata tana guɗa. Da na shiga gida na tarar da mata sun kewaye ta, ana ta kai Inna kin ga yadda kika yi kyau, ashe haka kike. Ita kuwa tana riƙe da mujallar da hannu biyu, ta miƙar da ita nesa, ta matso da ita kusa. Ta sa babban yatsa ta murza kuncin hoton, kamar mai share ƙura, har yumɓu ya ɓata wurin. Sannan ta ɗago.

"Auta, wannan 'yar wace gida ce?"

Na ce ita ce, an ɗan gyara ne, haka ake yi yanzu.

"Wa ya gyara?"

Da na ce Edita ne, da ta yarda, kuma da yau ba ku ji wata magana a kaina ba. Ban iya ba. Na ce ni ne.

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Ta miƙa wa maƙwabciyar mujallarta, ta jawo kaskon ruwa, ta tsoma hannu.

"To. In ya gani sai ya wuce," ta ce.

Yaya Abu ce ta yi faɗan, ta biyo ni har zaure tana kuka tana cewa na ji kunyar uwarmu, na mai da ita matar wani. Daga bakinta maganar ta fita, a gaban matan unguwa, daga nan kuma ta shiga gari. Ban riƙe ta da wannan ba, ranar tana da gaskiyar yin fushi. Waɗanda nake riƙe da su su ne masu ɗauka suna yawo da ita, waɗanda su ne dai suke zuwa shagona a cire musu haƙoran goro.

Da sassafe na hau motar Kano. Ofishin nasu ɗaki biyu ne a saman bene, na tarar da Edita yana shan shayi. Ya tarbe ni da fara'a, wai ana ta yabon bangon. Na tambaye shi shafi na uku. Ya ce wallahi ya yi ƙoƙari, Hajiya ce ta ce labarin yunwa da ɓatan yaro ba ya cikin tsarin fitowar, fitowar murna ce. Na ce to a sa a ta gaba. Ya ce za a duba. Na ce alhazai za su tashi. Ya ce ai akwai baɗi. Na ce ya ba ni nagatif ɗina da hotona. Ya buɗe aljihun tebur, ya rufe, ya ɗaga wasu takardu, ya ce suna wurin masu bugawa, in dawo mako mai zuwa.

"Malam Isyaku, ka kwantar da hankalinka," ya ce. "Tsohuwa ce fa. Wa zai gane wani a mujalla bayan shekara sittin? Mu yi maganar gaskiya."

Ban san lokacin da na cakumi wuyan kaftaninsa ba. Shayin ya zube a kan teburin, mutane suka shigo suka raba mu, aka rako ni har ƙasan bene. Ban yi nadamar wannan ba, ko kaɗan. Tun ranar da ya durƙusa a gaban Inna yana rubuta sunan Tanko bai yarda da maganar ba, ya dai ga ita ce za ta zaunar da tsohuwa a gaban kyamara. Na koma ofishin sau bakwai. A na bakwai na tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gadi ya ce sun tashi, Hajiya ta daina biya. Na bi sawun masu bugawa, suka ce su ba sa ajiye kayan kowa, abin da aka bari sharewa suke yi.

Tun dawowata ta farko daga Kano na durƙusa a gaban Inna, na ce ta ba ni dama ɗaya, in sake ɗauka, in wanke guda ɗari da kuɗina, in bi alhazai har filin jirgi in raba musu. Ta ce a'a. Na aika limamin unguwa, na aika Yaya Abu bayan mun shirya. Ta ce ta zauna sau ɗaya, ta ga abin da zama ya haifar. Ta ci gaba da amsa gaisuwata, tana ajiye mini tuwo, tana wasa da ku. Amma idan na shigo da kyamara, ko ba don ita ba, sai ɗankwali ya sauko. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da alhazai suka dawo a shekarar, Inna ba ta je barka gidan kowa ba. Aka aiko mata da dabino har gida, ta karɓa ta yi addu'a, ba ta tambayi komai ba. Damina biyu bayan nan ta kwanta, kwana tara, Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ku gane abin da ya rage. Nagatif ya tafi, wankakken hoto ya tafi, na cikin kwamfuta na ajiye gyararre a kansa. A duk duniya hoton Inna ɗaya ne, shi ne na bangon nan, kuma ba ita ba ce.

Bayan shekaru, da na sami kwamfuta mai kyau, na ce tunda hannuna ya cire, hannuna zai mayar. Na kwafe bangon na shigar, na rage hasken har baƙinta ya dawo, na mayar da tamojin goshi. Na kira Yaya Abu ta zo shago da rana, ta zauna a gefena, na ce ta nuna mini in zana. Na ja layi na farko daga wajen kunne, ta ce ya yi tsawo. Na rage. Na ja na biyu, na uku, na kama na huɗu, ta riƙe mini hannu.

"Uku ne, Isiya."

"Huɗu ne, Yaya. Ni na goge su."

"Ni nake yi mata kitso shekara talatin. Uku ne a dama. A hagu ne nake jin huɗu."

"Ai duka biyun daidai suke."

"Daidai suke?"

Ta rufe ido, ta ɗaga yatsa tana bin nata kuncin, inda babu komai, tana ƙirgawa da leɓe. Ta buɗe ido, ta sake rufewa. Muka gwada uku, muka kalla, ba Inna ba ce. Muka gwada huɗu, ba ita ba ce. 'Yar bakan ma muka kasa daidaitawa, ni na ce sama ta nufa, ita ta ce ƙasa. Muka tambayi tsofaffin unguwa, kowa da nasa lissafin, har da mai cewa biyar. Mutanen da suka yi shekara hamsin suna gaisawa da ita kullum. Har la'asar muna abu ɗaya, sannan Yaya Abu ta ja mayafinta ta goge ido.

"Kashe abin nan," ta ce. "Kada mu ƙara mata wata fuskar ta uku."

Na kashe, ban sake gwadawa ba.

To ga abin da nake so da ku. Tsaga gidan uba take bi, na gaya muku. Idan Tanko ya rayu, idan ya haihu a can, idan sun riƙe al'adar gidansu, to akwai wasu mutane a gabas da suke yawo da fuskar kakarku ba su sani ba. In Allah ya sa wata rana, ina raye ko ba na raye, wani baƙo ya yi sallama a ƙofar gidan nan yana Hausa a karye, ya ce yana neman dangin kakansa, kada ku ɗauko masa mujallar nan. Ku shimfiɗa masa tabarma a inda haske yake, ku ba shi ruwa, ku dubi kumatunsa da kyau ku ƙirga, dama da hagu, ku rubuta ku ajiye.

Ba na tsammanin zai zo. Abin da zai kawo shi, ni na goge.